Hannun Baffa Ilu

Baffa Ilu ya bar dambe shekara ashirin,
amma hannunsa na dama bai ji labari ba.
Yana sayar da shayi a Agege, gefen layin dogo.
In ya ɗaga kofi sama, ruwan kan sauko zare guda,
ko ɗigo ba ya zuba.

Ni na zo Legas da almakashi da tef ɗin awo,
na sami keken ɗinki a shagon Iya Ronke a Oshodi.
Sai bayan isha'i nake tashi.
Daren farko ya dube ni, ya janyo benci:
"Tasalla, zauna. Zan koya miki faɗa.
Darasi na ɗaya: kar ki yi shi.

Ido ne garkuwarki, ƙafa ce mashinki.
Cire wayar nan daga kunne.
Kazar da ta sunkuya a kan hatsi,
ita shaho ke jira.
Bi ta inda ake soya akara, inda fitila take,
ko da hanyar ta fi tsawo.
Danfon da ya tsaya miki ba a tasha ba,
fasinja uku sun yi tsit suna kallonki,
bar shi ya wuce. Wani na tafe.

In an nuna miki wuƙa an ce waya,
jefa ta can nesa, ki bi ɗaya gefen.
Ikeja cike take da waya.
Ban taɓa ganin shagon da ke sayar da Tasalla ba."

Sai ya cafke wuyan hannuna.
Na ja, na ja, kamar akuya a turke.
Ya yi dariya: "Da ƙato za ki gwada ƙarfi?
Duba nan. Yatsu huɗu katanga ne,
babban yatsa shi ne ƙofa.
Murɗa ta wajensa, ki fizge."
Na murɗa. Hannuna ya dawo gare ni.
"Sake."
Na yi ta sakewa har shayina ya huce.

"In ya rungumo ta baya, sauke nauyinki ƙasa,
diddige a kan ƙafarsa, gwiwar hannu a haƙarƙari.
In ta gaba ne, tafin hannu a hanci, ban da dunƙule,
dunƙule ya ci mini yatsu biyu.
Bugu ɗaya tak. Titi ba alƙali, ba makaɗi.
Bugun nan kuɗin mota ne: ki biya, ki arce.
Kuma ki yi ihu da bakin garin.
Wayyo ba ta buɗe taga a nan.
Ki ce: Ole! Ole!"

Wata bakwai ban buƙaci ko ɗaya ba.
Sai wata Laraba ruwa ya tsuge, aka ɗauke wuta,
na sauka ƙarƙashin gada tana ɗiga a kaina.
Hannu ya fito daga bayan ginshiƙi,
warin giya, da murya: kawo jaka.
Na jefa jakar.
Bai sake ni ba.

Kaina ya zama fanko.
Hannuna ne ya tuna ƙofar.
Na ji muryar wata tana tsaga ruwan sama,
ashe tawa ce.
Na nufi kyandir ɗin mai burodi a guje,
takalmi ɗaya a ƙafata, ɗaya na Legas.

Baffa ya ƙirga ni da ido: kai, hannu, ƙafa.
"Me ya tafi?"
"Jaka. Almakashi. Takalmi."
"To, ke kika yi kisa."

Ya ɗaga kofi sama zai haɗa mini mai kauri,
sai zaren ya karkace,
shayi ya malale a tebur.
Ya sa tsumma ya goge, bai ce komai ba.
Ni ma ban ce na gani ba.