Kantar Hannu

Shekara ashirin da shida ina dukan fata a Cali,
tafin hannuna ya yi kanta kamar diddigen manomi.
Wata huɗu na kulle suka goge ta tas.
Wata safiya na shafa kumatun jikata,
ta ce, Kaka, hannunka ya yi laushi.
Na juya fuska ga bango.

Mu goma sha ɗaya ne.
Asabar ta ƙarshe, cikin watan Maris,
muka tashi ƙarfe uku na dare, riguna sharkaf da gumi.
Mai gidan rawa ya biya rabi,
ya ce ragowar sai mako mai zuwa.
Makon ya ɓata hanya.
Na leƙa ta taga daga baya:
kujeru a kan tebura, ƙafafu sama,
kamar awakin da ambaliya ta bari.

An ce in kiɗa ya sauya, rawa ma ta sauya.
Ba wanda ya faɗa mana yadda ƙafa za ta yi
in kiɗan ya ɗauke ɗungurungum.

Yadira, wadda muryarta ke tsayar da kofi a hanyar baki,
ta koma tuyar wainar masara a bakin ƙofa,
takunkumi ya rufe abin da gari ke biya don ya ji.
Wilmer ya jinginar da babbar gitarsa, ya karɓi babur,
yana kai abinci gidajen da suka saba tafa masa.
Ba su gane shi ba cikin hular kwano.

Mun gwada haɗuwa ta waya.
In na buga ɗaya, sai ta isa kunnen Anselmo a biyu,
fiyanonsa na bin gangata a guje
kamar yaron da mota ta bari a tasha.
Muka yi dariya har da hawaye,
sannan kowa ya kashe tasa ba sallama.

A unguwarmu, jan ƙyalle a taga
na nufin yau tukunya ba ta hau wuta ba.
Nohemi ta ɗauko rigar wasana, ja ce, mai walƙiya,
ta sa mata almakashi.
Na ce, wannan fa?
Ta ce, riga ba ta jin yunwa.

Sai muka fita titi, mu huɗu,
taku uku tsakanin kowa da ɗan'uwansa,
muka tsaya ƙarƙashin benaye.
Tagogi suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.
Wata tsohuwa ta rungumi tsintsiya ta yi rawa da ita.
Kwando ya sauko da igiya:
'yan canji, ayaba, ƙwai biyar,
da takarda mai cewa ku dawo ran Laraba.
'Yan sanda suka zo korar mu,
ƙaramin cikinsu yana tsawa,
ƙafarsa kuwa tana bin gangata a ɓoye.

Eusebio ne mai busa ƙaho.
Numfashi ne jarinsa, ba shi da gona sai huhu,
can cutar ta je ta sauka.
Kwana tara inji na hura masa iska
yadda ya hura wa ƙarfe shekara arba'in.
Wanda ya raka gawa ɗari da busa,
mutum biyar suka kai shi, shiru,
mu muna kallo ta waya, tana yankewa.

Yanzu an buɗe ƙofa, an sauke kujeru.
Ragowar kuɗin Maris ba wanda ya ƙara tayar da ita.
Mun ɗauki wani yaro, busarsa tsaf, ba ya kuskure.
Amma akwai wata gaɓa da Eusebio kan makara,
rabin numfashi kawai,
ni kuma in riƙe hannu a sama in jira shi.
Har yau ina jira a wurin.
Yaron kan waigo ya dube ni.

Tafina ya tsage daren jiya.
Na naɗe shi da filasta, na koma kan fata.