Shafi na Arba'in da Ɗaya

Kwamared Tanimu ya buga tarihinsa,
shafi ɗari uku, da hotonsa a bango.
Jikata ta karanta mini a tsakar gidanmu na Kakuri
har muka iso shafi na arba'in da ɗaya:
"Mata kuma sun taimaka da abinci."
Na ce, Uwale, rufe. Je ki sayo mini biro.

Ni ce Tabawa, lamba dubu da bakwai a masaƙa.
Jiniya ke tashina kafin ladan.
Shekara goma sha tara ina haɗiyar ƙurar auduga,
har yau in na yi tari, zare nake ji.

Abinci? I, mun dafa.
Amma me ke kwance ƙarƙashin tuwon?
Takardun yajin aiki, tawada ko bushewa ba ta yi ba,
na ƙetare gada da su a ka.
Ɗan sanda ya ɗaga faifai, ya ce, "A ci lafiya."

Da dare maza na gardamar Masko da Sin,
wai ma'aikatan duniya duk ɗaya ne.
Rifkatu ta ce, "To ɗayan nan, me ya raba kuɗinsa biyu,
naku sule bakwai, namu huɗu?"
Ɗaki ya yi tsit, sai hucin fitila.
Wannan ba ya cikin littafinsa.

Ga kuma abin da ban so ya shiga nawa ba.
Kwana uku a caji ofis, na huɗu na gaji.
Suka ce, wa ke juya injin takarda?
Na faɗa.
Wata tara ta yi a kurkuku,
ta fito da tari, ta koma Kagoro, ba ta dawo ba.
Ba ta taɓa tambayata ba.
Da ma zagina ta yi.

Uwale ta ce, "Kaka, tsallake nan, wa zai sani?"
Na ce, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
In na tsallake, me ya raba ni da Tanimu?

Masaƙa yanzu sai ciyawa da ƙadangaru.
Hannuna na rawa, baƙaƙen na karkacewa
kamar zaren da ya kuɓuce wa ƙoshiya.
Duk da haka na fara.
Shafi na ɗaya, layi na ɗaya:
Rifkatu Bobai, mai juya inji,
wadda ba ta dafa wa kowa komai ba.