Goɗiyar Dogara

Ruwa ya cinye gada bayan Kujama,
mota ta juya da sauran fasinja.
Ni mai ɗinkin biki a jaka
na tsaya.

Dogara ya jawo goɗiyarsa, Gunya,
ya ce, "Tela, ƙafar hagu a likkafa."
Ƙafar da ta saba taka keken ɗinki
ta kama rawa, ba zare, ba allura.

Muka gangara kwazazzabo.
Duwatsu suka rufo kanmu
har sama ta koma ƙyalle shuɗi
da almakashi ya yanka a karkace.
Kofato na dukan tsakuwa,
dutse na maido da amo sau biyu.
Rema ya leƙo, ya raina ni, ya koma.

Na ƙanƙame linzami
kamar mai bin bashi ya kama riga.
"Sassauta," in ji Dogara,
"ta fi ka sanin hanya,
uwarta ma nan ta bi."

Na saki.
Sai na ji numfashinta a gwiwoyina.

Da la'asar muka ɓullo Kajuru.
Na sauka gwame, yara na dariya,
gashinta ja manne a wandona.
Ban kakkaɓe ba.