Leɓen Sama

Likita Ferreyra ya ce mako shida.
Na ƙirga shida, na ƙara wasu shida,
leɓena na sama har yau baƙo ne,
yana zaune a fuskata kamar ɗan haya
da ba ya amsa gaisuwa.

Goshi ya kwanta yadda na roƙa,
haɓa ta yi laushi, muƙamuƙi ya mayar da wuƙarsa kube.
Ranar da aka warware bandeji na duba madubi,
na ga matar da na yi shekara talatin da huɗu ina ba ta haƙuri.
Na yi kuka.
Hawayen suka gangaro har gindin hanci,
daga nan ban ƙara jin tafiyarsu ba,
sai gishiri a harshe ya ce mini sun iso.

Ɗan siririn fata aka cire a ƙarƙashin hanci,
bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba,
aka ɗaga leɓen, aka ɗinke da zare mai kama da gashi.
Yanzu haƙorana biyu na gaba suna leƙen Rosario
ko ban yi niyyar dariya ba,
kuma da asuba nakan tarar bakina ya bushe kamar takarda
don ya kwana a buɗe ban sani ba.

Ran Lahadi a bakin kogin Paraná
ƙoƙon mate yana zagayawa hannu zuwa hannu.
Da ya zo kaina na kama bututun ƙarfe,
ban ji zafinsa ba sai da ya bar mini bororo,
koren ruwa ya bi haɓata ya sauka a farar riga.
Yayata Delfina ba ta ce uffan ba.
Ta sa babban yatsa ta share,
yadda take yi wa ɗanta Lautaro,
ta ci gaba da labarin tsadar nama.

Sunan da na zaɓa wa kaina, Maribel,
sau biyu yake son leɓɓa su haɗu.
A kantin magani na faɗe shi, ya fito a gurguje, rabinsa iska,
yarinyar ta ce in maimaita.
Na sha wuya kafin in sami sunan nan,
ga shi bakina yana koyonsa kamar ɗan yaye.

Fito ma ya tafi.
Da can daga ƙarshen layi nake kiran Tizón,
ya taho a guje yana watsa ƙasa.
Yanzu sai in tafa hannu.
Makon farko ya tsaya nesa yana karkata kai,
har ya shinshina gwiwata, ya ga ni ce.

Jan-baki da ido nake sa shi, ba da ji ba,
kamar mai shafa fenti a bangon maƙwabci.
Murmushina yana hawa ta dama, hagu na biye a makare.
Maƙwabciyata Ofelia ta tambaya daga baranda
ko akwai da-na-sani.
Na ce babu. Na kuma ce miya tana zubo mini.
Duka biyun gaskiya ne.

An ce jijiya tana tsiro a hankali,
kullum kaurin farce, in ta ga dama.
An ce wasu takan dawo musu duka, wasu rabi,
wasu kuwa sukan saba.

Daren jiya, wajen ƙarfe uku,
wani abu ya taka ni a kusurwar hagu,
kamar tururuwa ɗaya mai neman hanya.
Na tashi ban kunna fitila ba,
na laluba kicin, na ɗauko cokali,
na ɗora bayansa a wurin.

Sanyi.
Kaɗan ne, bai fi ɗigon ruwa ba.

Na tattara bakina, na hura.
Iska ce kawai ta fito.
Tizón, daga ƙarƙashin tebur,
ya ɗaga kunne ɗaya.