Kiredit Sittin

Malama Vang ta zana mini hanya a bayan ambulan,
layi huɗu, zangon karatu huɗu.
Ta ce, "Shekara biyu ce, Itzel.
Kika kauce layi ɗaya, ta koma uku."
Na liƙa takardar a ƙofar firji,
tsakanin hoton kakata da takardar kuɗin wuta.

Yayana Efraín ya shekara shida a kwalejin unguwarmu,
yana tara kwas kamar yaro mai cika aljihu da tsakuwa.
Ranar da ya kai su jami'a aka ɗora a sikeli,
aka ce rabi ba sa auno.
Yanzu yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Clovis,
kuma ba a yi masa zancen.
An ce sannu ba ta hana zuwa.
Wanda ya faɗa bai taɓa biyan haya a Fresno ba.

Sai na koyi ƙidaya.
Uku, uku, huɗu, uku.
Ina ƙirgawa a bas ɗin ƙarfe shida,
ina ƙirgawa da dare a rumbun lemu,
bel yana gudu, hannuna yana tsame ruɓaɓɓu,
kaina yana can yana haɗa sha biyar da sha shida.

Ajin ginin tukwane na so.
Ba ya kan layi.
Har yau in na gifta ta ƙofarsa
ƙanshin jiƙaƙƙen yumɓu yakan biyo ni,
sai in ƙara sauri.

Zango na uku ne ya kusa kai ni ƙasa.
Ajin ƙididdiga ya cika tun ina barci,
ni ce ta bakwai a jerin masu jira,
kuma in ya wuce, sai baɗi.
Kwana tara ina zaune a dandamali, can ƙuryar aji,
bayana a bango, littafi a gwiwa,
ba kujera, ba suna a rajista.
Wani ya fasa. Wani ya sami aiki a Reno.
Wata naƙuda ta zo mata da wuri.
Ban yi murna ba, amma na ƙirga.
Rana ta goma malamin ya dube ni ta saman tabarau,
ya ce, "Ke ba kya gajiya?"
Ya sa hannu.

Daren ƙarshe na Nuwamba
na cike takardar jami'a a shagon wanki,
don can ne intanet ke da ƙarfi.
Inji yana juya rigunan ƙannena,
agogo yana cin sauran mintuna.
Sha biyu saura kwata na danna,
na zauna ina kallon kumfa.

Amsar ta zo wata Talata, ina bakin aiki.
Waya ta motsa a aljihu, na leƙa layin farko,
na mayar da ita.
Bel ba ya tsayawa don an ɗauki mutum a jami'a.

Da aka tashi na kira Efraín.
Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke.
"Nawa suka karɓa?"
"Duka sittin."
Na ji ya ajiye wani ƙarfe a ƙasa.
Ya ce, "Ranar farko ni zan kai ki.
Zan wanke motar."

Ambulan yana nan a ƙofar firji,
maiƙo ya ɓata layi na uku.
Mama ta hana a cire.
Ta ce ƙanwata Noemí tana tafe.