Ayu a Kor Shinab

Mota ta sauke mu gaba da Muhammad Ƙol,
inda hanya ta gaji ta miƙa mu ga yashi.
Ni da Ohaj, da jarka huɗu ta ruwan sha,
da kwale-kwale biyu na roba, ruwan ɗorawa,
da wani baƙo ya bari jingina bai dawo ba.

A nan Bahar Maliya ta tsaga tudu ta shige
kamar yatsa a malmalar tuwo.
Dutse a dama, dutse a hagu, ja wur,
tsakiya shuɗi, har ido ya ji tsoro.

Filafilin baki biyu gare shi.
Na tsoma dama, jirgi ya yi hagu,
na tsoma hagu, ya juyo yana kallon gaɓa.
Ohaj ya yi dariya har goshin jirginsa ya sha ruwa:
"Kai ne jikan masunta?"
Ni ne.
Shekara goma sha tara ina ƙirga buhuna a tashar Bur Sudan,
tafin hannuna ya san biro, ya manta itace.

Kafin la'asar kafaɗa ta koya.
Ƙarƙashina murjani, gari guda da lunguna,
kifaye na kai da kawowa kamar ranar kasuwa,
babu mai ɗaga kai ya dubi inuwata.

Mun kafa tanti inda ruwan ya ƙare.
Iska ta tuge turke biyu, muka danne da duwatsu.
Ohaj ya soya buna a gwangwani, ya daka da citta,
muka sha kofi uku-uku, gishiri na bushewa a gira.
Ƙaguwa ta ja mini takalmi ɗaya cikin duhu.

Sai na ba shi labarin Nomau, kakana,
wanda ya bar Yawuri da ƙafa, zai je Makka.
Shekara bakwai yana tafe yana noman ƙodago,
ya iso bakin wannan ruwa babu kuɗin jirgi.
Ya ce baɗi.
Baɗi ta haifi ubana.
Abin da ya bari, bakin zago mai tsatsa,
da shi, in ji shi, ya soki ayu tara a Kwara.
Da ya tsufa ba ya son a tambaye shi na taran.

Da asuba na tura jirgi ni kaɗai.
Ruwa lumui, ko tsuntsu bai farka ba.
Can na ji numfashi, fuu,
irin na tsoho da ya sauke kaya.
Baya mai toka-toka ya taso kusa da filafilina,
hanci biyu suka buɗe, suka rufe.
Ciyawa a leɓensa.
Ya dube ni, ko kuwa ni na so ya dube ni.

Kaka, ashe ya riga ka isowa.
Shi ma bai haye ba.

Hannuna babu zago, babu ko igiya.
Na ɗora filafili a cinya, na bar ruwa ya juya ni
har goshin jirgi ya fuskanci gabas,
inda Jidda take, bayan abin da ido ba ya kaiwa.

Daga gaɓa Ohaj na buga gwangwani da cokali.
Buna ta tafasa,
kuma ya tsinto takalmina.