Jajibirin Jarrabawa a Mufulira

An ɗauke wuta tun magariba.
Garin da ke haƙo jan ƙarfen wayoyin duniya
ga shi zaune a duhu yana lalubar ashana.
Nsofwa ta dasa kyandir a murfin kwalba,
ta turo mini littafinta da ya sha hannu,
ta ce, "Baba, yi mini tambaya. Gobe kemistiri."

Ni da na bar makaranta a aji bakwai.
Shekara takwas a rami, sha huɗu a bakin tanderu,
na san jan ƙarfe kamar yunwar cikina,
ban dai taɓa haɗuwa da shi a takarda ba.

Na sa yatsa a layi, na karanta da ƙyar:
"Da me ake gane ƙarfe?"
Ta rufe ido. "In an goge shi yana ƙyalli.
In an doke shi ba ya fashewa, sai ya baje.
Ana jan sa ya zama waya.
Zafi na bi ta jikinsa, lantarki ma haka."
Na ce da saura.
Na ɗau cokali na ƙwanƙwasa tukunyar uwarta,
ƙarar ta daɗe tana zagaya ɗaki.
"Amo!" ta ce, har harshen kyandir ya rausaya.

"Waɗanda ba ƙarfe ba fa?"
"Gawayi. Iskar da muke shaƙa. Farar wuta.
Masu taurin cikinsu, guduma ɗaya sun zama gari."
Farar wuta.
Wannan ba sai an koya wa 'yan unguwarmu ba.
Hayaƙinta ya cinye mana kwanon rufi,
ya hana kabewar Bana Chishimba yaɗo,
shi ne mai haya a ƙirjina, ba ya biya, ba ya tashi.
Sai ga tari kamar an aike shi.
Ta miƙo ruwa, ta kau da kai har na gama.

"Akwai 'yan tawaye," in ji ta.
"Malam Sichone ya ce nan ake kama mutum.
Zaiba ƙarfe ce, amma gudu take kamar ruwa.
Bakin fensir ba ƙarfe ba ne, amma lantarki na ratsa shi."
Na ce ashe a nan ma
albasa ba ta yin halin ruwa.

A kan hali uku na abu ta cije.
Daskararre, mai malala, mai tashi sama.
"Wai ƙwayoyi ne a matse, a sake, a watse.
Na haddace, Baba, amma ba na ganin su."
Na kife littafin.
"A matse: mu ne cikin kejin sauka rami,
kafaɗa da kafaɗa, sai dai jiki ya yi rawa.
A sake: an tashi aiki, ana tafe ana gogar juna.
A watse kuwa ranar albashi ce,
nemi mutum ki gani."
Ta yi dariya har da buga tebur.

"Na ga jan ƙarfe na kwarara kamar manja,
na ga ya huce ya zama allon da ƙato huɗu ba sa ɗagawa.
Shi ne dai, 'yata.
Zafi ne ya shiga, zafi ya fita."
Ta rubuta a gefen shafi.
Na ce kar dai ta kai musu zancen albashi.

Wajen ƙarfe ɗaya wuta ta dawo.
Ta riga ta yi barci, kunci a kan jadawalin sinadarai.
Na zare shi a hankali na bi gida-gida
har na iske tsohon ubangidana
a ɗaki na ashirin da tara,
harafi biyu kacal, ko zafi babu.

Kyandir ya mutu, ya sake daskarewa a murfi.
Na kankare shi da farce na adana.
Jibi lissafi ne.